Ga malamin da jinyar uwa ta hana shi tafiya

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Kano, shekaruna 34, ina zaune a Kurna da matata da 'ya'yana biyu da mahaifiyata. Tun ina yaro ba ni da burin da ya wuce in ga duniya, amma har yau ban taɓa wuce Kaduna ba. Shekara uku ke nan mahaifiyata tana kwance da shanyewar ɓarin jiki, kuma ni ne babba. Ƙannena mata biyu suna gidajen mazajensu a nan cikin gari, autanmu yana karatu. Abokan da muka taso tare wasu suna Saudiyya, wasu Dubai, ɗaya yana Aljeriya, kullum na ga hotunansu a Facebook sai ƙirjina ya yi nauyi. Wani ya ce idan na tara kuɗi zai haɗa ni da masu bi ta Agadas. Abin da ya fi damuna shi ne wani lokaci nakan ji haushin jinyar a raina, sannan in dawo ina istigfari. Yaya zan yi da wannan zuciya?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi. Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa ciwon ya zama kaffara, kai kuma ya ba ka ladan ɗawainiya. Na karanta wasiƙarka fiye da sau ɗaya, kuma abu na farko da nake so ka cire daga ranka shi ne zaton cewa son tafiya laifi ne ko rashin godiya. A cikin Suratul Ankabut Allah ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ya fari halitta, iyayenmu kuma suka ce tafiya mabuɗin ilimi. Kai jikan fataken da suka ɗaure kaya a bayan jaki suka yi watanni a hanyar Gwanja saboda goro ne, kuma jikan alhazan da suka taka da ƙafa ta Chadi da Sudan, wasu suka yi shekaru kafin su ga Ka'aba. Wanda ya fito daga wannan tsatso, idan ƙafarsa ta yi masa ƙaiƙayi, babu abin mamaki.

Sai dai na ga abubuwa biyu sun cuɗe a cikin wasiƙar, kuma in ba a raba su ba babu shawarar da za ta yi maka amfani. Akwai ƙishirwar ganin duniya, wadda ka ce tun yarinta kake tare da ita, akwai kuma gajiya, wadda ita ta shekara uku ce. Mutumin da zai tashi da asuba ya juya marar lafiya, ya taya ta alwala, ya tafi aji ya yi ta ɗaga murya har azahar, ya dawo ya shiga neman kuɗin magani da na gashin ƙashi, ya kwana da kunne ɗaya a buɗe, dole wata rana ransa ya yi ƙunci. Haushin da kake ji ba na Hajiya ba ne, na jikin da bai huta ba ne, kuma jiki magayi. Saboda haka kafin komai ka tara ƙannenka, ka nemi izinin mazajensu cikin mutunci, ku raba kwanaki. Jinyar uwa ba ta ɗan fari ba ce shi kaɗai, kuma hana su wannan lada ba taimakonsu ba ne. Ka nemi wuni ɗaya a mako, Asabar tunda babu makaranta, wanda daga hantsi zuwa la'asar wani ne zai zauna da Hajiya. Ka nema wa matarka irin wannan wunin ita ma, domin ina da tabbacin rabin nauyin da kake faɗa a wuyanta yake, ko da ba ta yi magana ba.

Maganar Agadas kuwa, ka rufe ta. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da ƙananan yara, waɗanda motocinsu suka lalace ƙishirwa ta kashe su. Mai yi maka alkawarin hanya ba zai kawo maka wannan labari ba, kamar yadda hoton Facebook ba ya nuna ɗakin da mutum goma suke kwana a ciki, ko fargabar wanda ba shi da takardun zama. Kuma ka san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, da ya ce suna nan sai ya ce ya koma ya yi jihadinsa a wajen hidimarsu. Uwaisul Ƙarni yana Yaman a zamanin Annabi, tafiyar da ta fi kowace tafiya daraja tana gabansa, amma hidimar mahaifiyarsa ta riƙe shi, kuma har Sayyidina Umar ya nemi ya roƙa masa gafara. Wannan hujja ce cewa zamanka daidai ne. Amma sanin cewa abu daidai ne ba ya kashe ƙishirwa, don haka bari mu koma kan abin da za ka yi da Asabar ɗin nan.

Ka tambayi duk wanda ya yi tafiye-tafiye da gaske abin da ya samu, idan aka cire tsaraba da hotuna. Abin da zai rage shi ne baƙunta: mutum ya wayi gari a inda bai san hanya ba, dole ya yi tambaya, dole ya buɗe ido, kunnensa ya ji yaren da bai saba ba, bakinsa ya ɗanɗana miyar da ba ta gidansu ba, ya zauna da mutanen da ba su san ubansa ba. A gida sabo yakan rufe ido, har mutum ya bi titi ɗaya shekara ashirin bai taɓa tambayar dalilin sunansa ba. To wannan baƙunta ba a filin jirgi kaɗai ake samunta ba, kuma kai Allah ya yi maka gata da ya ajiye ka a garin da duniya ta yi ƙarnuka tana tako ƙafa tana shigowa. Ba a banza aka ce Kano tumbin giwa ba. Shawarata ita ce ka zama baƙo a Kano, da niyya da tsari, kamar wanda ya biya kuɗin mota daga nesa ya zo ganinta.

Ka fara da sunayen unguwannin cikin badala, domin su kansu taswira ce. Akwai Dandalin Turawa, kuma Turawan da ake nufi ba na Ingila ba ne, Larabawan arewacin Afirka ne, 'yan kasuwar Tarabulus da Gadamas da suka zauna a nan tun kafin a san Nasara. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin baƙi ta samo suna, Alkantara kuma daga kalmar gada. Agadasawa sunanta ya faɗi inda mutanenta suka fito, wato ita Agadas ɗin da ake kwaɗaita maka ta riga ta aiko da 'ya'yanta garinku tun tuni. Zangon Barebari na mutanen Borno ne, Tudun Nufawa na Nufawa, Ayagi ta Yarabawa ce da suka daɗe har jikokinsu ba su da wani gari sai Kano. Madabo tana da alaƙa da malaman Wangarawa da suka zo daga Mali, waɗanda tarihin Kano ya ce sun iso a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Kabara sunan tashar jiragen ruwan Tumbuktu ne a bakin kogin Kwara, daga can kakan gidan Shehu Nasiru Kabara ya taso. Sharifai kuma suna danganta kansu da zuriyar Shehu Magili, mutumin Tilimsan a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya sauka a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ka ga abokinka ya tafi Aljeriya neman abinci, alhali fiye da shekara ɗari biyar da suka wuce wani babban malamin Aljeriya ne ya ga Kano ta isa a yi mata tattaki.

Ba ina nufin ka haddace wannan ka ce ka gama ba, domin gani ya kori ji. Kowace Asabar ka ɗauki unguwa ɗaya, ka sauka daga adaidaita sahu a bakinta, ka shiga da ƙafa. Ka yi sallar azahar a masallacinsu, bayan an idar ka gaida dattawan da ke zaune a dakali, ka ce kai malamin makaranta ne kana son jin asalin unguwar. Ni ban taɓa ganin dattijon cikin gari da aka yi wa wannan tambaya da ladabi ya ƙi magana ba. Abin da ya fi faruwa shi ne a shimfiɗa maka tabarma a zaure, a aika yaro ya kira wanda ya fi sani. Za ka ji labarai masu cin karo da juna, wani ya ce kakansu ne ya fara sara, na gaba ya ce nasu ne. Kada ka yi gardama, ka rubuta duka biyun.

Kasuwar Kurmi kuwa wuni ɗaya ba zai ishe ta ba. Tun zamanin Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma ita ce inda hanyoyin Sahara da na Borno da na Gwanja suke haɗuwa. Ka shiga ba da niyyar sayayya ba, ka bi lungunan nan masu ƙunci da mutum biyu ba sa jerawa, ka wuce 'yan sirdi da linzami da likkafa, ka shaƙi warin fatar dukawa da ƙamshin 'yan turare, ka tsaya wajen masu kanwa da kayan yaji. Tambaya ɗaya za ka riƙa yi: wannan daga ina yake zuwa, kuma ta wace hanya? Ka ɗauki ɓarin kanwa ko gishiri ko dabino a hannunka, ka sa mai kayan ya bi da kai baya tasha bayan tasha har inda aka haƙo shi ko aka tsinko shi. Ɗan kasuwa yana son wanda ya girmama saninsa, sai dai kada ka tare masa ciniki, kuma ka sayi wani abu ko ƙarami ne kafin ka tashi. Idan yunwa ta taso ka gangara Jakara ka ci gurasa bandashe, kana sane da cewa ita kanta gurasar baƙuwa ce da ta biyo Larabawa ta zama 'yar gari.

Wurin da na fi so ka daɗe shi ne marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Mutane suna tasowa daga Jamus da Amurka da Japan su zo su ɗauke ta hoto, mu kuma muna wucewa ta gabanta a cikin cunkoso ba ma ko waiwaye. Ka je da safe ka tsuguna a bakin rijiya ɗaya kusa da marini. Za ka ga ruwan baba da toka da aka bari ya tsimu, da kumfa mai shuɗi a samansa, da hannuwan dattijon da launin ya zauna a cikinsu har farce. Zai tsoma farin ƙyalle ya juya shi ya ɗago, sai ka ga ya fito da launi mai kama da kore, sannan a gaban idonka, da iska ta buge shi, ya rikiɗe ya koma shuɗi. Zai sake tsomawa ya sake ɗagowa, sau da yawa, har shuɗin ya yi duhu ya kusa baƙi. Zanen da ke jiki kuwa mata ne suke ɗaure shi da zare a cikin gida kafin a kawo, kowane ɗauri da sunansa. Daga nan ka bi ƙarar bugu zuwa wajen mabuga, inda ake jera ƙyalle a kan gungume ana dukansa da taɓarya har ya yi sheƙi. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin garin nan suna kai wa har Tumbuktu da Gat da Tarabulus. Rawanin da Buzu yake naɗawa a tsakiyar hamada, wanda shuɗinsa yake zuba a fatarsa, a ƙasar Kano ake rina irinsa. Za ka kuma ga rijiyoyi da yawa sun bushe an bar su, domin atamfar kanti ta ci kasuwar; ka tambayi marinan dalili, za su faɗa maka fiye da abin da ke cikin littafi.

Tunda na ambaci Buzaye, ga wata tafiya da ba ta bukatar ko kuɗin mota. Da wuya a ce babu Buzu mai gadi ko mai sayar da kaya a tsakanin gidanka da makarantarku, kuma mai yiwuwa ka shekara kana wuce shi da sallama kawai. Wata rana ka sayi ganyen shayi da sukari ka kai masa, ka zauna. Ka kalli yadda yake hura gawayi a ɗan murhun waya, ya ɗora 'yar butarsa, ya ɗaga hannu sama ya tsiyayo shayin cikin ƙaramin kofi har ya yi kumfa, ya mayar, ya sake. Zagaye uku ake sha, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, kuma ba a gaggawa. A tsakanin kofi na farko da na uku ka tambaye shi garinsu, da yadda ayarin raƙuma yake ratsa Tenere zuwa Bilma ɗaukar gishiri, da yadda ake gane hanya da taurari. Ka roƙe shi ya rubuta maka sunanka a ƙasa da haruffansu na Tifinar. Fagge da kake ratsawa kullum zangon irin waɗannan ayari ne a da, a wajen ganuwa suke sauke kaya. Mutumin da ya san hamada da tafin ƙafarsa shi ne kuma zai gaya maka gaskiyar hanyar da ake so a bi da kai.

Sabon Gari ma ƙasa ce, kuma da yawanmu ba ma shigarta sai don kayan gyaran mota ko magani, mu fito da sauri. Layin dogo ya iso Kano a 1911, bayansa aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo jirgin daga kudu da ma ƙasashen gaɓar teku, shi ya sa za ka ga tituna da sunayen Inugu da Abekuta da Warri. Ka je da rana ka sami shagon abinci na Bayarabiya Musulma, ka ci amala da miyar ewedu, wadda ganyen lalo ne da ka sani amma an sarrafa shi ta wata hanya dabam. Ka koyi gaisuwa da Yarabanci da Ibo, ka gwada ta a kan mai shago, ka ga yadda fuskarsa za ta sake. Akwai waɗanda kakanninsu aka haifa a unguwar, Hausarsu ta fi ta wasunmu, kuma suna da tasu Kanon da ba ka taɓa ji ba. A ganina wannan tafiya ta fi ta Dubai amfani ga malamin da yake tarbiyyar yaran da za su zauna a ƙasa ɗaya da waɗannan mutane.

Sauran wuraren zan ambace su a gurguje. Dawanau tana cike da manyan motocin hatsi da 'yan kasuwar Nijar da Chadi da Kamaru. Mariri ta goro ce, a can za ka ji labarin Shagamu da Gana. 'Yan Lemo tana karɓar kayan marmari daga Binuwai da kudu. A tashar Ƙofar Ruwa kuma direbobin Maraɗi da Damagaram suna zaune suna jiran mota ta cika, ba su da abin da ya fi hira. Gidan Makama, wanda ake cewa Rumfa ya zauna a cikinsa kafin ya hau gado, yanzu gidan tarihi ne. Akwai Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya fara makarantar boko a 1909, wanda ya kamata kowane malamin makaranta a Kano ya taka shi sau ɗaya. Akwai Mumbayya, gidan Malam Aminu Kano a Gwammaja, da ke kan hanyarka ta zuwa gida. Ka kuma zagaya ƙofofin gari ɗaya bayan ɗaya, ka tsaya a Ƙofar Kabuga inda sojojin Ingila suka shigo a 1903, ka ga abin da ya rage na badalar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu. Abin zai sosa maka rai, domin ruwa da masu gini sun cinye mafi yawanta, kuma wannan ma dalili ne na ka gan ta yanzu.

Dala ka bar ta sai ka yi wata biyu ko uku kana yawo, domin a lokacin ne hawanta zai yi ma'ana. Ni a cikin gari aka haife ni, amma ban hau ta da hankalina ba sai da wani baƙo daga Damagaram ya roƙe ni in raka shi. Muka hau da sanyin safiya, lokacin hunturu, hazo bai gama tashi ba. Daga sama ya riƙa nuna wurare yana tambayata sunayensu, ga Goron Dutse, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga rufin Kurmi, ga jirgi yana sauka can wajen filin Malam Aminu Kano, a garin da jirgin sama ya fara sauka a Najeriya a 1925. Tambayoyinsa ne suka sa na ga garin da na ɗauka na sani. An ce hangen Dala ba shiga birni ba, kuma hotunan abokanka hange ne kawai. Kai da za ka hau bayan ka bi lungunan da ƙafarka, kowane rufi da ka hango za ka san wanda ke ƙarƙashinsa.

Akwai ladubban da za su sa abin ya zama tafiya, ya wuce zaga gari. Ka shirya tun daren Juma'a kamar mai barin gari, ka sa kaya masu kyau da takalmin da ba zai ci maka ƙafa ba, ka yi sallama da Hajiya ka nemi addu'arta. Ka riƙe ƙaramin littafi da biro, wayar kuma ta zauna a aljihu, saboda masu ƙwace da kuma saboda ido ya yi aikinsa. Kada ka ɗauki kowa hoto sai da izininsa, kada ka leƙa gidan mutane, kada ka kai magariba a unguwar da ba ka sani ba, Dala kuma ka hau ta da abokin tafiya. Idan ka ɓata hanya kada ka damu, matambayi ba ya ɓata, kuma sau da yawa a nan ne ake haɗuwa da abin da ba a zata ba. Ka zaɓi yare ɗaya ka dage a kansa, Faransanci ko Larabcin Shuwa ko Barbarci, tunda masu jin su suna kewaye da kai; rabin sa'a a rana ya fi wanda kake ɓatarwa kana kallon hotunan da ke ƙona maka rai. Duk wata tafiyar da za ka yi nan gaba, wannan yaren zai zama guzurinka.

Kada ka dawo hannu rabbana. Matafiyi da tsaraba ake saninsa, ko alkaki ne ko ɗan turare na naira kaɗan, kuma babbar tsarabar ita ce labari. Ka zauna a bakin gadon Hajiya ka ba ta labarin inda ka je, domin ita ma shekara uku ke nan ba ta ga komai ba sai rufin ɗaki, kuma ƙuncin da kake ji nata ya ninka shi. Sannan ka juya tambayar kanta. Matan zamaninsu sun ga Kano da ba za ta dawo ba, sun ga dalar gyaɗa, sun san lokacin da Kurna take bayan gari, sun san waƙoƙin daka da na niƙa, sun san daga inda kakanninka suka taso da abin da ya taso da su. Idan ciwon ya taɓa harshenta ka yi haƙuri da jinkirin maganar, ka naɗi muryarta a waya da izininta. Likitoci ma suna son a riƙa jan mai irin wannan ciwo da hira. Duk garuruwan da kake buri suna nan ba inda za su, amma abin da ke cikin kan Hajiya ba a kowane lokaci za a same shi ba. Ɗalibanka ma su sami rabonsu: ka nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye ka kai aji ɗaya Gidan Makama, ka ga yadda yaron da bai taɓa wuce Kurna ba zai buɗe baki a gaban tsohon ƙyauren ƙofar gari.

Ba zan ce maka wannan zai maye gurbin komai ba. Babu teku a Kano, babu Ka'aba, kuma akwai abin da sai an bar gida ake ganewa. Don haka kada ka binne burin, ka ba shi asusu. Duk wata ka ware wani abu daga albashi, ko yaya ƙanƙantarsa, ka sa a inda hannunka ba zai kai da sauƙi ba, ko ka shiga adashin gata na aikin Hajji idan can zuciyarka ta fi karkata. Idan rabon kwanakin jinya ya zauna daidai, hutun ƙarshen zango zai iya ba ka kwana biyu ka je Katsina ka ga hasumiyar Gobarau, ko Daura ka ga rijiyar Kusugu, ka dawo Hajiya ba ta rasa komai ba. Tafiya ta halal da fasfo da izinin uwa tana nan zuwa in Allah ya so, kuma wanda ya koyi tambaya da kallo a garinsu shi ne zai amfana da ita idan ta zo.

Wannan makon ka kira ƙannenka ku yi maganar kwanaki. Idan Asabar ta samu, ka fara da Agadasawa, ka nemi dattijon da zai gaya maka yadda kakanninsa suka ratso hamada suka zaɓi su tsaya a nan. Da daddare ka tambayi Hajiya sunan garin da mahaifiyarta ta fito, da wanda ya kawo ta Kano. Ka rubuto mini abin da su biyun suka faɗa maka, ina son ji. Ka gaida Hajiya da jiki, ka gaida maiɗakinka da ɗawainiya.